“Wane Ya Zama Mutum”: Yadda Abin Hannu Ke Shiga Cikin Mutum a Kaduna

Baffana, ƙanin mahaifina, ya yi sama da shekara ashirin yana aiki a ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri. Bayan an rufe masaƙar, babur ne ya fara tafiya, sai filin da ya saya a Rigasa, daga baya talabijin ma ta bi su. Abu ɗaya ne bai taɓa rabuwa da shi ba, katin shaidar aikinsa. Kullum yana aljihun gaban rigarsa, naɗe cikin leda, hoton ya koɗe har fuskar ba ta fita sosai. Wata rana, lokacin ina saurayi, na ce masa, “Baffa, wannan katin fa yanzu ba ya buɗe kowace ƙofa.” Bai yi fushi ba. Ya ce, “Ɗana, in na yar da shi, ranar da aka tambaye ni ko ni wane ne, me zan nuna?”

Na daɗe ina juya wannan amsa a raina. Mutum ne mai sallah, mai iyali, wanda duk layinsu an shaide shi da gaskiya. Amma da aka zo batun ko shi wane ne, hannunsa aljihu ya nufa. Mun saba jin wa'azi cewa dukiya daban, mutum daban. Haka ya kamata ya kasance. Sai dai abin da ke faruwa a zuciyar mutum da idon jama'a ya fi haka sarƙaƙiya, kuma a ganina babu garin da ya fi Kaduna nuna shi a fili.

A Zazzau ko Kano ko Katsina, in aka yi tambaya a kanka, amsar farko ita ce “ɗan gidan wane ne”. Gidan malamai ne, ko na sarauta, ko na maƙera, ko na mahauta. Asali kan riga mutum isa wuri, ko da aljihunsa wayam ne. Kaduna ba a kan haka aka ɗora ta ba. Gbagyi ne mazauna yankin tun fil azal, amma birnin da muka sani Turawan mulki ne suka kafa shi a bakin kogi da layin dogo, suka dawo da hedikwatar Arewa nan daga Zungeru a 1917. Waɗanda suka cika garin kuwa aiki ne ya kawo su: soja, ɗan sanda, ma'aikacin reluwe, akawu, masinja, kuku. Daga baya masana'antu suka zo. An buɗe masaƙar KTL a 1957, UNTL ta biyo baya a 1964, kamfanin Fijo ya fara haɗa motoci a Kakuri a 1975, matatar mai ta fara aiki a 1980. Mutane suka kwararo daga Borno, Sakkwato, Binuwai, Filato, ƙasar Nufe da Kudu, kowa ya baro asalinsa a garinsu inda aka san darajarsa.

To a garin da babu wanda ya san kakan wani, da me za a auna mutum? Tambayar Kaduna ta zama “ina yake aiki?”, sai ta biye da “a ina yake zaune?” Har gobe in saurayi ya aiko, aka fita bincike, amsar “Malali” ko “Unguwar Rimi” tana sauka a kunnen iyaye daban da amsar “Rigasa” ko “Hayin Banki”, tun kafin a ji ko yaron yana zuwa jam'i. Bayan rikicin addini na 2000 ma adireshi ya ƙara ɗaukar wani nauyin, domin ɓangaren kogin da kake kwana ya koma yana faɗin addininka kafin ka buɗe baki.

Ba na son a ɗauka duka wannan sharri ne. Kaduna ta yi wa mutane da yawa rana. Wanda a garinsu za a riƙa tuna masa cewa kakansa bawa ne, ko sana'ar gidansu ba a ba ta mata, a nan ya samu aiki, ya gina gida, ya auri 'yar wanda ya so, babu mai ɗaga masa tsohon zance. Wannan rahama ce. Sai dai darajar da albashi ya ba ka, ranar da albashi ya tsaya tana iya bin sa. Ɗan gidan malamai in ya talauce yana nan ɗan gidan malamai. Ma'aikacin masaƙa in masaƙa ta mutu, me ya rage a kira shi da shi?

Harshenmu kansa ya daɗe da ɗinke dukiya da hali wuri guda, kuma muna furta hakan kullum ba mu lura ba. Kalmar arziki daga Larabci ta zo, daga rizƙi, wato abin da Allah Ya ba bawa. Amma in muka ce “ɗan arziki” ko “yarinyar arziki” ba kuɗi muke nufi ba, tarbiyya muke nufi. Muna cewa zaman arziki, rabuwar arziki, abin arziki. A ɗaya gefen kuma ga tsiya. Matsiyaci shi ne wanda ba shi da komai, shi ne kuma mai mugun hali. “Ɗan tsiya” zagi ne, “sun yi tsiya” faɗa ne. Wato a bakinmu rashi da rashin kirki sunansu ɗaya. Haka kalmar hali: a rubuce “ba shi da hali” na iya nufin ba shi da ɗabi'a, na iya nufin ba shi da kuɗi, sai a baki ne ake bambanta su da jan wasali. Mai hannu da shuni ma daga tufa ya samo sunansa, daga zamanin da rigar da ta sha rini da bugu ke barin shuɗi a hannun mai ita. Sannan dubi yadda muke raɗa wa mutum suna da abin da ya mallaka: maigida, mai shago, mai mota, har Maikuɗi da Maidoki da Mairiga. Wadda ta fi tsaya mini a rai ita ce wadda ake faɗa in yaron unguwa ya samu buɗi: “Ai wane ya zama mutum.” Kafin nan shi mene ne?

Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da lura da wannan. William James, Ba'amurke, ya rubuta tun 1890 cewa abin da mutum ke ji shi ne kansa ya haɗa da duk abin da zai iya kira nasa, jikinsa da tufafinsa da gidansa da iyalinsa da sunansa da dokinsa da ajiyarsa ta banki. In sun ƙaru ya ji ya ƙaru, in sun ragu ya ji an rage shi. A 1988 wani masanin, Russell Belk, ya faɗaɗa batun, ya nuna cewa wanda ɓarayi suka shiga gidansa yakan yi wani irin baƙin ciki mai kama da na rashi, wanda ya wuce kuɗin abin da aka ɗauka. Akwai kuma gwajin da Daniel Kahneman da abokan aikinsa suka wallafa a 1990. An raba wa wasu ɗalibai kofunan shayi kyauta, wasu ba a ba su ba. Nan take waɗanda aka ba suka nemi kusan ninki biyu na abin da sauran suka yarda su biya. Kofin bai canja ba, ya dai zama “nawa” ne. Duk wanda ya taɓa shiga cinikin tsohuwar mota tsakanin mai ita da mai saye ya san wannan ba sai an kai shi jami'a ba.

Shi ya sa duk inda ake son a sake mutum, da kayansa ake farawa. Ɗan kurtu, ranar farko ake aske kansa a karɓe tufafin gida. Fursuna haka. Harami ma, cikin manufa mai tsarki, haka yake yi wa alhaji: a tuɓe ɗinkakken kaya, gwamna da direbansa su koma ƙyalle biyu. Da tufa ba ta taɓa zuciya, da ba a buƙaci cire ta ba.

Amma kuskure ne a zuba duk son abin hannu a kwando ɗaya a kira shi kwaɗayi. Akwai wani mataki na ƙasa wanda Bahaushe ya ba suna mai kyau, rufin asiri. Shi ne ɗan abin da in babu shi mutum ba ya iya shiga cikin mutane da kai a ɗage: kuɗin cefane da safe, ɗinkin sallah na yara, ragon suna, abin da za a miƙa a gudummawar biki, kuɗin motar zuwa gaisuwar mutuwa. Adam Smith, masanin tattalin arziki, ya kawo irin wannan misali a 1776. Ya ce mutanen da sun rayu lafiya babu rigar lilin, amma a zamaninsa lebura mai mutunci zai ji kunyar fita bainar jama'a babu ita, domin rashinta na nuna ya faɗa wani talaucin da ake ɗauka na lalacewa ne. Rigar lilin ɗinmu ita ce shaddar sallah da kuɗin makarantar yara. Yau har wayar hannu ta shiga ciki, tunda sanarwar ɗaurin aure da ta jana'iza da neman aiki duk sun koma WhatsApp, kuma wanda ba shi da ita ana mantawa da shi ba da gangan ba.

A nan ne nake ganin muna zaluntar talaka da nasiha. Mai ƙoshi ne ke saurin cewa kuɗi ba komai ba ne. Magidancin da ke sulalewa daga masallacin asuba ya wuce bakin titi, don kada ya koma gida a tambaye shi abin kari, ba son duniya ke damunsa ba. Abin da aka ce masa shi ne namiji, wato ciyarwa, shi ne ya kuɓuce masa. An ƙara mafi ƙarancin albashi zuwa naira 70,000 a 2024, a shekarar da buhun shinkafa ya haura wannan kuɗin a kasuwa, bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023 ya ninka kuɗin mota. Wannan lissafi ba a aljihu kaɗai yake tsayawa ba. Yana shiga muryar da uba ke yi wa ɗansa faɗa da ita, yana shiga yadda mace ke duban mijinta, yana shiga wurin zaman da mutum ke zaɓa a taron dangi.

An rufe KTL a 2002, UNTL ta tsaya a 2007, sauran masaƙun ma suka bi sahu ɗaya bayan ɗaya, saboda rashin wuta, tsadar baƙin mai, lalacewar noman auduga da kwararar atamfar fasa-ƙwauri mai araha. Ana yawan ba da labarin a matsayin asarar tattalin arziki. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne abin da ya faru da mutanen a cikin ransu. A ƙasar Ostiriya akwai wani ƙauye, Marienthal, wanda shi ma masaƙa ce ke riƙe da shi, ta rufe a wajajen 1930. Masu bincike, ciki har da Marie Jahoda da Paul Lazarsfeld, suka je suka zauna da mutanen, suka fitar da sakamako a 1933. Sun tarar mazan da suka rasa aiki sun rage saurin tafiya a kan titi, sun daina kula da lokaci, har aron littafi a laburare ya ragu duk da cewa yanzu ne suke da lokacin karatun. Da na fara jin wannan, Baffa na gani. Mutumin da jiniyar masaƙa ke tsara masa yini, mai abokan aikin dare, mai ƙungiyar ƙwadago, mai ranar albashi da masu shago ke masa fara'a, ya wayi gari duk ranaku sun zama iri ɗaya. Ya daina zuwa majalisar da ya saba. Ya daina sa baki in ana shawara a gidanmu, alhali da shi ne mai yanke magana. Babu wanda ya ce masa ya yi shiru. Shi ya janye kansa, mu kuma, abin da ke damuna har yau, ba mu jawo shi ba. Muka koma sauraron ƙaramin ƙaninsu da ya samu kwangila.

Haka na ga ya faru da wasu 'yan kasuwa lokacin da aka rushe Kasuwar Barci domin sake gina ta. Rumfa ba wurin ciniki kaɗai ba ce. Ita ce adireshin mutum, nan ake samunsa, nan ake kawo masa goron gayyata, nan ake kawo masa ƙarar ɗansa.

Ɓangaren mata ya fi wannan zurfi, kuma maza kan yi saurin yanke masa hukunci ba su fahimce shi ba. Ana yi wa kayan ɗaki kallon almubazzaranci zalla. Amma a tuna, a gidan aure na gargajiya gida na miji ne, sunan gida nasa ne, 'ya'ya da sunansa ake kiransu. Ɗaki da abin da ke cikinsa ne kaɗai na mace. Jeren kakanninmu ƙorai ne da tasoshi. Na iyayenmu ya koma fanteka da samira da kumbuna, an jera su har rufi, ga gadon ƙarfe mai rumfa. Daga nan tangaran ya shigo, yau kuma ana maganar kujeru da gadaje na Turkiyya da Dubai da kayan kicin masu aiki da lantarki. Kayan sun canja, aikinsu bai canja ba. Jere yana gaya wa dangin miji da kishiya cewa wannan yarinya tana da mutane a bayanta, ba tsinto ta aka yi ba. Sannan ajiya ce. In ciwo ya zo ko kuɗin makaranta ya gagara, sarƙar zinare da ɗan kunne ne ke fita. In aure ya mutu, da kayanta take komawa, da su take fara wata rayuwar. Uwar da ta fara tara kwanuka tun 'yarta na firamare, tana zubin adashi shekara da shekaru, ba hauka take yi ba. Garkuwa take ƙera mata.

Inda abin ya ɓaci shi ne lokacin da garkuwar ta koma sikeli. 'Yan ganin ɗaki su shigo suna ƙirga, su fita suna rahoto. Amaryar da aka kai da kaya kaɗan ta fara zaman aure da kai a sunkuye, wani lokaci gorin ya bi ta har ta aurar da nata 'ya'yan. Uba ya sayar da gona ko ya karɓi giratuti ya zuba a ɗaki ɗaya don kada a raina 'yarsa. A wancan gefen saurayi na fama da lefe, akwati saiti-saiti, alhali sadakin da shari'a ta wajabta mafi ƙarancinsa a mazhabar Malikiyya rubu'in dinari ne. Na san 'yan mata masu hankali da ilimi da suka daɗe a gida, ba don babu manema ba, sai don gidajen biyu kowanne na tsoron kunyar idon ɗayan.

Yaushe ma'aunin ya karkace haka? A da ma ana girmama mai dukiya, kada mu yi wa tarihi kwaskwarima. Bahaushe ya daɗe da cewa mai kuɗi abokin sarki. Amma attajirin da ana gane shi ne da yawan waɗanda ke ci a ƙarƙashinsa. Zaurensa cike da baƙi, akussa na fita da dare, yaran gida da ya ba jari sun zama masu gidan kansu, almajirai sun san ƙofarsa. Dukiyar da ba ta ratsa ta hannunka zuwa ga wasu ba ta sa a kira ka babban mutum, sunanka marowaci. Ko a cikin masu mulki, abin da tsofaffin Kaduna ke fara faɗa game da Sardauna, wanda aka kashe a gidansa a garin nan ranar 15 ga Janairun 1966, shi ne yawan kyautarsa da kuma cewa bai bar tarin dukiya ba.

Kuɗin mai ya kawo wani salo. Da ƙarin albashin Udoji na 1974 ya zo da ariyas a dunƙule, ma'aikata suka cika gari da sababbin babura da rediyo da talabijin. Fijo 504 ta zama alamar cewa mutum ya isa. Sai tsarin tsuke bakin aljihu na gwamnati, wato SAP, na 1986 ya karya darajar naira, albashin malamin makaranta da na akawu ya zama abin tausayi, girma ya tashi daga mai ilimi da mai aiki ya koma kan ɗan kwangila da na kusa da gwamnati. Yaro ya ga malaminsa na tafiya a ƙasa, wanda aka kora daga aji na wucewa a Marsandi. Darasin da ya ɗauka ya fi duk wanda aka rubuta masa a allo. Tun daga nan tambayar “a ina ya samu?” ta fara mutuwa. Kalmar Alhaji ma ta bar ma'anarta ta wanda ya sauke farali, ta zama abin da ɗan acaba da mai kanti ke kiran duk wanda suka ga alamar ƙoshi a jikinsa, kuma da kujerar Makka ta haura naira miliyan 8 a 2025 ma'anar biyu sun ƙara haɗewa. Gidan mai kuɗi ya bar zaure ya koma doguwar katanga da waya mai lantarki da maigadi. Ana ganin dukiyar, ba a cin ta.

Instagram da TikTok sun ƙarasa aikin. Da, idon da kake tsoro na unguwarku ne, kuma mutanen unguwa sun san gaskiyarka, ba za ka iya yi musu ƙarya ta daɗe ba. Yanzu idon na dubban mutane ne da ba su san inda kake kwana ba, hoto kawai suke gani. Sai aka samu kasuwar aron kamanni: hayar mota ta yini ɗaya, aron leshi, anko kan bashi, waya mai tsada a hannun wanda bai biya haya ba. Kakanninmu sun ce kayan aro ba ya rufe katara, amma a hoto yana rufewa, kuma wannan ne sabon abu. Yarinyar da ke Tudun Wada ba da 'yar maƙwabta take gwada kanta ba yanzu, da 'yar gwamna take gwadawa, a waya ɗaya, kafin ta yi barci.

Addini bai ce dukiya ƙazanta ce ba, bai kuma ce talauci ado ne ba. Abdurrahman bin Auf da ya isa Madina hannu wayam cewa ya yi a nuna masa kasuwa, ya kuma zama cikin manyan attajiran sahabbai. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce hannun sama ya fi hannun ƙasa. Ya yawaita neman tsari daga bashi, da aka tambaye shi dalili ya ce mutum in bashi ya kama shi sai ya yi magana ya yi ƙarya, ya yi alkawari ya saɓa. Wannan shaida ce ƙarara cewa halin aljihu na iya taɓa halin zuciya. Abin da aka hana shi ne mutum ya narke cikin abin da ya mallaka. Laifin Ƙaruna a Suratul Ƙasas ya bayyana ne a maganarsa, da ya ce an ba shi dukiyar ne saboda wani ilimi da ke wurinsa. Ya mayar da kyauta ta zama shaidar fifikonsa. Surar ta kuma ambaci waɗanda suka gan shi ya fito cikin adonsa suka ce ina ma su ne, wato masu kallo ma suna da nasu kason. Hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito ya ce wadata ba yawan kaya ba ce, wadata ita ce wadatar zuci. Maƙwabtanmu Kirista suna karanta makamancin haka a Linjilar Luka, cewa ran mutum ba a yawan abin da ya mallaka yake ba. Duk mun haddace. Amma a duba wa ake matsa wa a sahun gaba, ɗaurin auren 'yar wa manyan malamai ke halarta, jana'izar wa ke tare titi. Yara daga nan suke karatu.

Abubuwa biyu da suka faru a 'yan shekarun nan sun sa na ƙara gane inda gaskiyar take. Na farko shi ne canjin kuɗi. A farkon 2023 takardun naira suka ɓace, har gwamnatin Kaduna da na Kogi da Zamfara suka kai gwamnatin tarayya Kotun Ƙoli, kotun ta yanke hukunci ranar 3 ga Maris cewa tsofaffin kuɗi su ci gaba da aiki. A waɗannan makonni na ga masu miliyoyi a banki suna layi a gaban mai POS, an kasa sayar musu da tumatir saboda tura kuɗi ta waya ya ƙi tafiya. Baffa kuwa, wanda ba shi da ko asusu mai motsi, mai shagon layinsu ya ci gaba da auna masa shinkafa da mai, bai ko rubuta ba. Shekara talatin yana saye a wurin, bai taɓa cin kwabonsa ba. Wannan shi ne abin da ake kira arzikin mutane, kuma a watan nan ya sayi abin da kuɗi suka kasa saye.

Na biyun ya fi ɗaci. Garkuwa da mutane ta juya alamar arziki ta zama alamar haɗari. Mutanen da suka yi shekaru suna neman a gan su sun koma neman kada a gan su. Ana ajiye babbar mota a shiga ta haya, ana sa tsohuwar riga in za a bi hanyar Birnin Gwari, ana ɓoye labarin ƙarin girma ko sayen fili har ga 'yan uwa saboda tsoron masu kai rahoto. Bayan harin jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna na ranar 28 ga Maris 2022, wanda ya bar iyalai watanni cikin jira, kowa ya gane babu hanyar da ta tsira. Ɗan bindiga shi ne ya kai wannan tunani ƙarshensa: yana duban tafin hannunka da fatarka da wayarka, ya yanka maka farashi. Amma a ɗaya gefen wayar, me iyalai ke yi? Suna sayar da gida, da gona, da shanu, da zinaren da aka tara shekara ashirin. A masallatai da coci-coci ana karo-karo don mutumin da wasu ba su taɓa gani ba. Ban taɓa jin uwar da ta tsaya lissafin ko ɗanta ya kai kuɗin gidan ba.

Baffa ya rasu bara. A shekarunsa na ƙarshe makullin masallacin layinsu a hannunsa yake, kuma matan unguwa wurinsa suke kai kuɗin adashi ajiya, domin sun ce ko wuta ta ci gari kuɗinsu na nan. Ban sani ba ko shi ya ɗauki wannan a matsayin amsar tambayar da ya yi mini, don katin bai bar aljihunsa ba har ranar da aka kai shi asibiti. A wurin zaman makoki wasu tsofaffi suka zo daga unguwannin Makera da Nasarawa da Television, Musulmi da Kirista, wasu na dogara sanda. Babu wanda ya gabatar da kansa da sunan garinsu. Wannan ya ce shi ɗan sashen kaɗi ne, wancan ya ce sashen rini, wani ya ce tare suka yi aikin dare shekara tara.

Da aka zo rabon gado, malam ya lissafa keke, rediyo, tufafi da ɗan abin da ya rage na kuɗi. Ya ɗaga katin ya juya shi, ya ce wannan ba shi da ƙima da za a raba, ya ajiye gefe. Babbar 'yarsa ta miƙa hannu ta ce, “Malam, a ba ni.” Yana cikin wata tsohuwar samira ta mahaifiyarta yanzu, a saman kabad, har da ledarsa.